Bargonka Ya Ragu

Ha Phoka, Mokhotlong,
Watan Yuni.

Zuwa ga yayana Tlali,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka Moliehi, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk 'yan garinmu da kuke aiki tare a Welkom. Allah ya tsare ku kullum in kun sauka cikin ramin haƙar ma'adinan nan, ya fito da ku lafiya kamar yadda kuka shiga, ya sa albarka cikin guminku. Allah ya jiƙan mahaifinmu Ntate, ya ba mu haƙurin rashinsa. Yaya ƙafar nan taka da ka zo jana'iza kana ɗingishi da ita? Na san ba ka nuna wa likita ba, don na san halinka, amma dai na tambaya ko za ka ji kunya.

Mu nan muna lafiya gwargwado. An gama shigar da alkama, ta yi kyau fiye da yadda muka zata, masara ce dai sanyi ya riga mu taɓa ta a gonar bakin kogi. Tumaki da awaki sun sauko daga kan tudu, babu wadda ta ɓata, sai tsohuwar tunkiyar nan mai karyayyen ƙaho da Baffa Molefi ya ce ba za ta ga ƙarshen sanyi ba, ya yanka, muka yi kwanaki muna shan romo. Dokin Ntate ya rame, yana tsayawa a bakin garke kamar mai jiran a ɗaura masa sirdi. Matarka Malineo tana nan lafiya, ita ta riƙe gidan nan da hannu biyu, kuma ita ta tara mana busasshen kashin shanun da muke hura wuta da shi, har tsibin ya fi ni tsawo. 'Yarka Lineo kuwa ta fara gudu, ba ta yarda a goya ta, kuma duk namijin da ya wuce a kan doki sai ta ɗaga masa hannu. Maigidana ya bar ni in zauna a nan har sanyi ya wuce, ko da yake ya aiko daga Mafeteng cewa tuwon da yake tuƙa wa kansa ya kusa kashe shi.

Yanzu sai maganar da ta sa na zauna rubutu. Ina so ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci, don na san Baffa ma zai rubuto maka, kuma na fi so ka fara jin ta daga bakina. Maganar a kan mahaifiyarmu Mme ce, da kuma bargon Ntate mai zanen masara, wanda ya sha faɗa a gaban kowa cewa naka ne in ba ya nan.

Ka tuna yadda Mme take duk shekara in ganyen itatuwan bakin rafi ya fara rawaya. Ba ta taɓa yarda cewa akwai tufafin kaka daban, na sanyi daban ba. Cewa take tufa ɗaya ce, ƙara mata ake yi. Sai ta jawo akwatin ƙarfen nan tsakar ɗaki, ta zauna da kekenta na hannu, ta yi wa rigunanmu shafi da yadi mai laushi, ta sauke kalmasar siket ya rufe ƙauri, ta cire hannun tsohuwar rigar sanyi ta mayar da shi safa. Kwat ɗin Ntate kuwa shi ne na farko kullum: ta juye shi, ta ɗinka masa fatar ɗan rago a ƙirji da baya, ta ƙara masa wuya, ta saƙa masa sabuwar hula da gashin awakinmu, sannan ta tsayar da shi a ƙofa tana jujjuya shi kamar yaro, shi kuma yana gunaguni cewa ta mayar da shi buhun ulu. Sai kowa ya gama samun nasa take taɓa nata. Haka muka tashi muka gan ta.

To, bana Ntate ya tafi kafin ganye ya juya. Kayan takabar da aka ɗinka mata a gurguje ranar da za a yi jana'iza ka gan su da idonka: baƙar riga, baƙin mayafi, baƙin ɗankwali, duk daga yadin nan marar nauyi da aka samu a kanti, don a lokacin rana tana da sauran zafi, ba wanda ya yi tunanin sanyin watan Yuni. Bayan ka koma, sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu, kowa ya ƙara tufa, Mme kaɗai ce ba ta ƙara ko zare ba. Akwatin ƙarfe yana nan inda yake a ƙarƙashin gado. Na zuba ido, na ce gobe za ta jawo shi, gobe ta zo ta wuce. Raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa, ruwan bokiti yana kwana da ƙanƙara a kai, ita kuwa tana zaune a kan katifarta ta ƙasa cikin rigar kaka, da ɗan siririn baƙin bargon da matan coci suka kawo mata, wanda in ka ɗaga shi kana hango fitila ta cikinsa.

Daga nan sai tari. Ka san ƙirjin Mme tun can ba shi da ƙwari. Da farko da safe ne kawai, daga baya ya zama ba ta gama magana sai ya katse ta. Muka ɗora ta a kan doki muka kai ta asibitin mishan, ma'aikaciyar jinya ta saurari bayanta, ta ba da magani, sannan ta ja ni gefe ta ce mini magani ba zai yi aiki a jikin da yake kwana yana tashi cikin sanyi ba. Ta ce in tsohuwar nan ta shiga watan Yuli a haka, to mu shirya. Ba ta faɗi abin da za mu shirya wa ba, ni ma ban tambaya ba. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mun binne uba a kaka, ga shi ina kallon uwa tana bin sawunsa a gabana, kuma ba cuta ce ta fi ƙarfinmu ba, riga ce kawai.

Babu dabarar da ban yi ba. Na hau motar Mokhotlong na sayo mata baƙar rigar sanyi sabuwa, ta karɓa ta yi mini godiya kamar baƙuwa, ta ninke ta ajiye a kan kujera, a nan ta kwana. Na ce ko don sabuwa ce take ganin bai dace da mai takaba ba, sai na ɗauki tawa mai ruwan ƙasa na jefa cikin rini. Ta fito da wani irin launi da ban san sunansa ba, kamar hantar da ta kwana biyu, hannuwana kuma suka yi baƙi ƙirin har gwiwa, ka ga rinin ya kama inda ba a aike shi ba. Mme ta duba ta ce wannan ba baƙi ba ne. Na lallashe ta, na yi mata kuka, na yi mata faɗa, har na ce zan haɗa ta da kai. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ka san tun da ta shiga takaba ba ta ɗaga murya, magana ma sai ka sunkuya kake ji, to da wannan ƙaramar muryar take ce mini ita lafiyarta ƙalau.

Ni duk a raina laifin na Gwaggo Mamosa ne. Ita ce babbar 'yar'uwar Ntate, ita ta sa wa Mme kayan takaba, ita ta ƙulle tufafinsa a ƙunshi ta ce kada wanda ya taɓa sai ranar rabon gado, kuma ita ta tsaya a gaban mata tana lissafa dokoki da fuskar nan tata da ba ta san dariya ba: kada rana ta faɗi Mme tana waje, kada ta ɗaga murya, kada a ga wani launi a jikinta in ba baƙi ba. Na ce tsoronta Mme take ji. Don haka da muka haɗu a maɓuɓɓuga na sauke bokitina na faɗa mata duk abin da ke cikina, har da wanda bai kamata ba. Na ce in al'ada ce za ta kashe mana uwa, to su riƙe abarsu. Gwaggo ta bar ni na gama, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan baƙaƙen hannuwana, ta ce mijina yana da rai, shi ya sa bakina yake da tsawo. Ta ɗauki ruwanta ta tafi. Na koma gida ina huci.

A yammacin nan dusar ƙanƙara ta farko ta sauko. Na fito daga ɗakin girki na tarar da Mme tsaye a bakin ƙofa, iska tana kaɗa rigar nan a jikinta, tana kallon gangaren da maƙabarta take, wurin ya fara yin fari. Na kawo bargona zan yafa mata, ta ture hannuna a hankali. Na ce Mme, don Allah ki ƙara wani abu. Ba ta juyo ba ta ce:

"Shi wa ya ƙara masa?"

A nan na gane ba Gwaggo take tsoro ba, ba kuma bakin mutane ba. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗumama jikinta kafin na Ntate ba, kuma ba ta san yadda ake farawa ba. Na dai ja ta ciki na ƙara wuta.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo ta keto dusar nan da dogayen takalmanta na roba, da ƙunshi a hammata. Ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce Malineo ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da Mme, ta kwance ƙunshin. Wata 'yar ciki ce marar hannu, mai kauri, an haɗa ta da ƙyalle-ƙyalle, babu launin da babu a jikinta. Ban taɓa ganin ta ba, Malineo ma haka. Gwaggo ta ce ba abin nuna wa masu maza ba ne, amma tunda na iya tsayawa a maɓuɓɓuga in yi wa manya wa'azi, gara in gani da idona. Ta ce a ƙauyen nan babu matar da ta ratsa sanyi cikin takaba da rigar da ake gani kaɗai. Abin da ido yake gani shi ne na dangi da na gari, abin da ke ƙarƙashi kuwa na mata ne, kuma wannan 'yar cikin daga hannun mai takaba zuwa hannun mai takaba take yawo tun kafin a haife ni. Kowacce in ta karɓa sai ta ƙara mata ƙyalle daga tufar mijinta a inda ta sake. Ta riƙa nuna mana da yatsa: wannan kore daga kwat ɗin mijinta ne da ya dawo da shi daga Johannesburg, wannan mai ratsi rigar malamin coci ce, wannan toka-toka bargon tsohon nan makiyayi ne da tsawa ta kashe. Ta san kowanne da sunansa. Ta ce da ma jira take sai dusa ta sauka, don kafin nan babu wadda take yarda ta karɓa, ita ma a nata lokacin sai da ta suma a bakin murhu.

Na ce shi ke nan, an gama. Ashe ban san uwata ba. Mme ta karɓa ta jujjuya, ta duba ɗinkin, har ta taɓe baki a wani wuri da aka yi shi a karkace, sannan ta mayar wa Gwaggo ta ce ta gode, amma ita ba za ta rataya mazan mutane a jikinta ba. Yaya, da ba don halin da ake ciki ba da na yi dariya. Gwaggo ko gezau, ta ce:

"To, sai a kawo naki."

Ta tashi ta nufi ƙuryar da ƙunshin Ntate yake. Na ce Gwaggo, ai ke kika ce kada a taɓa. Ta ce ita ta ƙulle, ita za ta kwance, kuma mai kayan ƙaninta ne, ta goya shi tun bai san yadda ake fyace hanci ba. Ta ture kwat, ta ture riguna, ta jawo bargon nan mai zanen masara. Da ta warware shi ɗakin ya cika da warin tabarsa da na doki, har ɓular nan da lofensa ya ƙona tana nan a gefe. Mme ta sunkuyar da kai. A hankali ta ce bargon Tlali ne. Gwaggo ta ce ta sani, kuma Tlali a cikin wa ya kwanta kafin ya san bargo? Ta ce bayan 'yar cikin ne ya sake, nan ne kuma sanyi yake kama huhu, babu abin da zai riƙe shi sai ulu na gaske. Ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta auna taƙi biyu daga gindinsa, ta sa almakashi ta yanke daga wannan gefe zuwa wancan. Na rufe ido sai da ta gama.

Duk da haka Mme ba ta motsa ba. Ta juya fuska ga bango ta ce mu yi abin da muka ga dama, ita dai ba ta sa ba. Sai Gwaggo ta miƙo mini allura da zare ta ce in ɗinka. Ni! Ka san tarihina da allura, ka tuna wandonka na makaranta da na haɗe wa ƙafafu biyu. Na ce a ba Malineo, Gwaggo ta harare ni ta ce ni ta ce. Ta ɗauki yankin bargon ta shimfiɗa shi a tsaye bisa bayan 'yar cikin, daga wuya zuwa ƙugu, ta kafa fil, ta ce in fara, kuma in matso inda haske yake, wato daidai gaban Mme. Ni da na ga ya zauna daram ban kawo komai a raina ba, na duƙufa ina ta soke-soke, ina tsotsar yatsa. Ban lura ba cewa tunda daga gindi aka yanko shi, in aka miƙe shi a tsaye, jajayen ratsin nan na bargo kwanciya suke yi.

Ban yi nisa ba na ji numfashin Mme ya canja. Ta juyo, ta leƙa, ta sake juya wa bango. Can ta sake leƙowa. Sai kawai na ji murya ta cika ɗaki, irin wadda take kiran mu da ita daga ƙetaren rafi muna yara:

"Moliehi! Wa ya haife ki? Ratsi a kwance? Kina so ki tsayar wa jikata girma, ki tsayar da arzikin gidan nan? A bargon ubanki?"

Tun ranar jana'iza ba wanda ya ji wannan muryar. Lineo ta firgita ta fashe da kuka, kaji suka watse a waje. Mme ta fizge abin daga hannuna, ta warware ɗinkina da haƙori tana faɗa, wai shekarun da ta yi tana nuna mini yadda ake yafa bargo duk a banza, wai mutanen Mafeteng sun ƙarasa lalata ni. Ta ce a jawo mata akwati. Malineo ta jawo shi da gudu. Mme ta raba yankin gida uku, ta jera su ɗaya bisa ɗaya yadda ratsin zai miƙe daga sama zuwa ƙasa, ta haɗa su har ba ka gane wurin haɗin, ta bi ta gyara karkataccen ɗinkin nan na wata baiwar Allah da ya dame ta tun farko. Na saci kallon Gwaggo, na ga tana ta ƙoƙarin tura itace cikin wuta, bakinta yana motsi. Matar da ta yi shekara sittin tana yafa bargo ba za ta kwantar da ratsi bisa kuskure ba. Da ni aka yi tarkon, ni ce ban sani ba.

Da ta gama, Gwaggo ta ce ai kafaɗun sun yi faɗi, matar da ta sa ta bara ƙatuwa ce, ko a bar su haka. Mme ta ce a bar su haka a gidan wa? Ka san ba ta rage abu sai ta gwada a jiki. Ta tuɓe baƙar rigar, ta sa 'yar cikin, ta sa Malineo ta kafa fil a kafaɗa. Ta kai hannu baya ta shafa wurin, ta daɗe a haka, ta ja numfashi mai tsawo. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar Ntate. Gwaggo ta riƙe ta, ita ma tana nata, mu kuma muka fita muka ba su wuri. Da muka dawo ta mayar da baƙar rigarta a sama, babu abin da ake gani sai baƙi, kuma ba ta cire ba har yau, kafaɗun ma a jikinta aka rage su.

Tun daga ranar akwatin bai koma ƙarƙashin gado ba. Ta yi wa rigar takabar kanta shafi da baƙar rigar sanyin da na sayo, ta ce ulun ba laifi, tsadar ce dai aka cuce ni. Tawa mai launin hanta ta yanke mata hannuwa ta yi safa, ta ce a cikin takalmi ba mai ganin abin kunyata. Ta sauke wa Lineo rigunanta na kaka, ta yi musu shafi, ta saƙa mata hula. Tarin ya ragu ƙwarai, tana cin tuwo da ganye, jiya har ta nemi ƙarin kunu. Faɗa kuma ya dawo gidan nan gaba ɗaya, kuma ni ce nake shan mafi yawansa, ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na je na durƙusa wa Gwaggo a kan abin da na faɗa a maɓuɓɓuga, ta ce in tashi, in je in wanke hannuna.

Saura Baffa Molefi. Ya zo kawo mana itace, ya ga ƙullin ƙunshin ba irin na da ba ne, ya tambaya, Gwaggo ta faɗa masa bargon ta yanka, ba ta faɗi sauran ba, don ba maganar maza ba ce, kai ma don dole na faɗa maka, sai ka riƙe a cikinka. Ransa ya ɓaci sosai. Kada ka ga laifinsa, ba mugunta ba ce, tun rasuwar nan bai bar mu mun nemi komai ba. Cewa ya yi wansa ya bar wa ɗansa abu guda da bakinsa, kuma shi aka bar wa amanar ya miƙa maka shi yadda yake. Ya ce da wane ido zai dube ka ranar rabo? Suka yi ta yi da Gwaggo a tsakar gida, ita tana tuna masa ta goya shi shi ma. A ƙarshe ya ce magana ɗaya ce: mai bargo shi zai yanke. In ka ce ka yafe, bakinsa ya mutu. In ka ce ba ka yafe ba, duk inda yankin yake a nemo shi a mayar.

Mme ta ji wannan daga ɗaki, kuma shi ne abin da ya hana ni sakewa. Ta kira ni ta ce gaskiyar Baffa ce, ba a tambaye ka ba. Ta ce in ka nuna ko da ɗan ɓacin rai ne, da hannunta za ta warware ta mayar maka, kuma za ta ɗinke shi yadda ba za ka ga tabo ba. Ka san za ta iya, kuma ka san za ta aikata. Abin da na sani ni kuma shi ne, in yankin nan ya fita daga bayanta, ba za ta sa sauran ba, ta riga ta faɗi ra'ayinta a kan mazan mutane. Ga Yuli yana tafe, kai ma ka san yadda yake a nan.

Don haka nake roƙon ka, Yaya, kada ka yi irin jinkirin nan naka na amsa wasiƙa. Ka rubuto wa Baffa, ka kuma sa wa Mme layi biyu nata daban da zan karanta mata, ka ba duk wanda zai fara tahowa gida. Ba zan ɓoye maka ba, bargon ya ragu. Mme ta yi masa kalmasa mai kyau, amma ba zai sauka inda yake sauka wa Ntate ba. Sai dai in za mu faɗi gaskiya, Ntate dogo ne, kai kuwa tsawon Mme ka ɗauko, da ma share mana tsakar gida za ka riƙa yi da shi. Na san ba tsawonsa ne abin ba, na san abin da bargon nan yake a wurinka, shi ya sa ban ce maka ƙaramin abu ne ba.

Mme tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa biyu in za ka fita aikin asuba, kuma ka aiko da kwat ɗinka in akwai mai zuwa, ta san ba shafi a cikinsa. Malineo tana gaishe ka, ta ce nata saƙon yana cikin takardarta. Lineo ta ja layin nan da kake gani a ƙasa, ta ce doki ne. Gwaggo Mamosa ta ce a gaishe ka, Baffa Molefi da iyalinsa ma haka. Ka gai da dattijo Seabata da ɗan Gwaggo, Lefa, ka ce masa uwarsa tana ƙorafin shirunsa. Allah ya kai mu ƙarshen sanyi lafiya, ya kawo ka gida a fitar da Mme daga takaba kana tsaye.

Ranar nan in ka yafa bargonka ka ji iska tana taɓa maka sha-raɓa, ka juya ka dubi Mme, sauran yana bayanta.

Taka ƙanwa,
Moliehi